Yadda Ake Cire Hazon Fitilun Mota a Gida Kuma a Hana Shi Dawowa

Fitilar mota ba ta dusashewa dare ɗaya. Sannu a hankali abin yake zuwa, har mai motar ya saba da ƙarancin hasken, ya riƙa ɗora laifin a kan idonsa ko a kan ƙwan fitilar, alhali kuwa matsalar tana kan murfin da ke gaba, wanda ya koma rawaya ya yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka da ake kira AAA ta yi gwaji a shekarar 2018, inda ta gano cewa fitilar da ta dusashe sosai kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa take bayarwa, kuma gyaran da ake yi mata, ko a gida ko a wurin masu sana'a, yana iya mayar da hasken zuwa wajen kashi 70 cikin 100. Saboda haka wannan aiki ya wuce batun ƙawata mota, domin ya shafi tazarar da direba zai hango mai tafiya a ƙasa ko motar da ta mutu a kan hanya cikin dare, da kuma lokacin da zai samu na taka birki.

Abin da ke kawo hazon

Tsofaffin motoci da gilashi na gaske ake yi musu murfin fitila, kuma gilashi ba ya yin rawaya komai daɗewarsa a rana. Tun daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara komawa ga wata roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda aka gano a shekarar 1953, domin ba ta da nauyi, tana jure bugun tsakuwa, kuma ana iya zuba ta a kowace siffa. Aibinta ɗaya shi ne ba ta jituwa da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Don haka a masana'anta ake shafa wa murfin wani siririn rufi mai tauri domin ya kare robar. Wannan rufin shi ne yake fara mutuwa: rana tana cin sa daga waje, zafin ƙwan fitila yana gasa shi daga ciki, yashi da ƙurar hanya suna karce shi, sabulun wanki mai kaifi yana ƙara rage masa kauri. Cikin shekara uku zuwa biyar ana iya fara ganin alamar, galibi daga saman murfin inda rana ta fi duka. Idan rufin ya zaizaye, sai robar kanta ta fara lalacewa, fuskarta ta yi kaushi, hasken da ya kamata ya miƙe kan titi ya riƙa warwatsuwa ta ko'ina, har ya kashe wa direban da ke tahowa ido.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci aikin gaba ɗaya. Ana kankare matacciyar fuskar, a mayar da robar sumul, sannan a yi mata sabon rufi a madadin wanda aka cire. Mataki na ƙarshen nan shi ne mutane da yawa suke tsallakewa, kuma shi ya sa suke cewa gyaran ba ya ɗorewa.

Tabbatar da inda matsalar take

Kafin a sayi komai, a wanke fitilar a shafa ta da tafin hannu. Idan aka ji kaushi, ko aka ga wuraren da rufin yake ɓarewa, to matsalar a waje take. Wata hanya mai sauƙi ita ce a watsa mata ruwa: idan ta washe tana jiƙe, sannan hazon ya dawo da ta bushe, wannan fitila ce da za ta amfana da gyara. Idan kuwa wajen sumul yake amma ana hango ɗigon ruwa ko gumi daga ciki, to ruwa ne yake shiga ta wata tsaga, ko kuma ƙananan hanyoyin iskar da ke bayan fitilar sun toshe, kuma babu gugar da za a yi a waje da za ta magance wannan. Haka nan idan kwanon ciki mai sheƙi, wanda yake tattara hasken, ya ƙone ko ya yi baƙi, ko kuma robar ta yi ƙananan tsage-tsage masu zurfi da ake gani idan an kunna fitila, sauya fitilar ya fi. A kuma ƙwanƙwasa murfin da farce: gilashi yana da ƙara mai kaifi da sanyi a hannu, roba kuwa ƙararta a dakushe take. Wannan jagorar ba ta shafi murfin gilashi ba.

Kayan aiki

Babban abin da ake buƙata shi ne sanfefa irin wadda ake aiki da ita cikin ruwa, a matakai daban-daban. Lambar da ke bayan takardar ita ce ke nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Ga fitilar da ta lalace sosai ana buƙatar 600 ko 800, sannan 1000, 1500, 2000 da 3000. Sai salatif na takarda irin na masu fenti, kwalbar fesa ruwa, bokiti, sabulun wankin mota, ɗan soso mai tauri da za a naɗe sanfefar a kai, tsummoki masu laushi waɗanda ba sa zubar da zare, man goge roba ko na goge fentin mota, sifirit mai tsabta irin na aisofurofil, da kuma maganin kariya daga UV wanda aka yi musamman domin fitilun mota. Kamfanoni irin su 3M da Meguiar's da Sylvania suna sayar da waɗannan kaya a haɗe cikin kwali ɗaya. Duk wanda zai sayi irin wannan kwali ya duba ko akwai maganin kariyar a ciki, domin wasu sanfefa da man guga kawai suke ƙunshe da su.

A yi aikin a inuwa, fitilar tana kashe kuma ta huce, a wurin da iska ba ta tayar da ƙura.

Shiri

A wanke fitilar da kewayenta da sabulu, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale ƙarƙashin sanfefa tana iya jan layi mai zurfi da zai ci lokaci kafin ya fita. Bayan ta bushe, a liƙa salatif a duk fentin da ke kewaye da ita, da bamba, da robar gefe, a ninka shi sau biyu ko uku, domin sanfefa tana cinye salatif ɗaya nan da nan, kuma fentin da ke kan kusurwa siriri ne ƙwarai. Buɗe bonet yana sauƙaƙa kaiwa ga saman fitilar. A jiƙa sanfefar cikin bokitin ruwa na kimanin minti 10 zuwa 15 domin ta yi laushi, a kuma ɗiga sabulu kaɗan cikin ruwan feshin don ya ƙara santsi.

Gugar farko, wadda ita ce ginshiƙin aikin

Zaɓen lambar farawa ya danganta da yanayin fitilar. Idan hazon kaɗan ne, ana iya farawa da 1000. Idan ta yi rawaya sosai, ko tsohon rufin yana ɓarewa, a fara da 800, ko 600 idan ya ƙi fita. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi laushin da zai iya yin aikin, domin duk karcen da aka yi da mai kaushi sai an biyo bayansa an share shi.

A fesa ruwa sosai, a naɗe sanfefar a kan soson, a riƙa gogawa a miƙe daga hagu zuwa dama, kowane zuwa yana hawa kan rabin na baya. Kada a yi da'ira, kuma kada a danna da ƙarfi, nauyin hannu ya wadatar. Amfanin soson shi ne yana raba nauyin daidai, domin yatsu kaɗai suna haƙa ƙananan kwaruruka a jikin robar. Da an fara za a ga ruwa mai launin rawaya yana gangarowa daga fitilar: matacciyar fuskar ce take fita. A ci gaba da fesa ruwa, a riƙa ɗauraye sanfefar a bokiti, har ruwan da ke gangarowa ya sauya daga rawaya ya koma fari kamar an dama alli. Wannan sauyin launi shi ne alamar cewa an kai ga lafiyayyar roba.

A nan ne mai aikin yakan tsorata, domin idan ya share fitilar zai ga ta fi yadda take muni, ta yi fari fat ba a ganin komai ta cikinta. Haka ya kamata ta kasance. Abin da za a duba shi ne daidaituwar farin. A busar da ita da tsumma a kalle ta daga gefe: idan akwai wasu tsibirai masu sheƙi ko masu ɗan rawaya a tsakiyar farin, ragowar tsohon rufi ne, kuma dole a koma kansu har su ɓace. Galibi sukan ɓuya a ƙasan fitilar da kusurwoyinta, inda rana ba ta cinye rufin ba, shi ya sa ya fi taurin kai a can. Duk wanda ya bar su ya wuce gaba, to za su fito a ƙarshe da iyaka a fili kamar taswira, kuma babu wata sanfefa mai laushi da za ta cire su. A ganina rabin lokacin aikin duka ya cancanci a kashe shi a wannan mataki, domin sauran matakan gyaran karcen da wannan ya bari kawai suke yi.

Hawa matakan laushi

Idan fuskar ta daidaita, a ɗauraye ta tas, a ɗauki lamba ta gaba, a sauya alkibla: wannan karon daga sama zuwa ƙasa. Hikimar sauya alkiblar ita ce tana nuna wa mutum lokacin da ya gama, domin muddin yana hango layukan kwance na sanfefar farko a ƙarƙashin na tsaye, bai gama ba. Da sun ɓace sai a hau lamba ta gaba a sake juya alkibla. Kowane mataki yakan ɗauki minti biyar zuwa goma a kan fitila ɗaya, gwargwadon girmanta. Kada a yi tsalle daga 800 zuwa 2000 don gaggawa, domin mai laushin ba ta da haƙorin da za ta kai gindin karcen mai kaushin, sai dai ta sa samansa ya yi sheƙi ya ƙara bayyana. A riƙa ɗauraye fitilar da sauya ruwan bokitin tsakanin matakai, a kuma sabunta salatif ɗin da ya jiƙe ya saki.

A lamba 2000 za a fara hango ƙwan fitilar ta cikin hazon, a 3000 kuwa murfin yakan washe idan yana jiƙe, ya bar ɗan dishi-dishi kaɗan idan ya bushe.

Goge ta da mai

A busar da fitilar, a ɗiga man guga kaɗan a kan tsumma mai laushi, a riƙa murzawa da ɗan ƙarfi, a nan an yarda da da'ira, yanki-yanki har man ya kusa bushewa, sannan a share da tsumma mai tsabta. Ana maimaitawa sau biyu ko uku har ta yi garau. Mai amfani da injin huda da aka ɗaura wa soson guga zai gama da wuri, amma ya kiyaye zafi: ya sa injin a matsakaicin gudu, kada ya tsaya wuri ɗaya, ya riƙa taɓa murfin da bayan hannu. Folikabonet tana fara saki a wajen digiri 147 a ma'aunin Salshiyas, kuma soson da ya tsaya wuri ɗaya yana iya haɗa zafin da zai narkar da fuskarta ya bar tabon da sai an koma sanfefa mai kaushi kafin ya fita.

Sabon rufi

A wannan lokaci fitilar ta yi kyau ƙwarai, kuma a wannan lokaci ne ta fi kowane lokaci rauni, domin robar tsirara take, babu abin da ya shiga tsakaninta da rana. Idan aka bar ta haka, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo, sau da yawa da sauri fiye da karon farko. Saboda haka kada a ɗage wannan mataki zuwa gobe.

Da farko a share murfin da sifirit a kan tsumma mai tsabta domin a cire maiƙon man guga, wanda yake hana rufi kamawa, a bar shi ya bushe, kuma kada a sake taɓa shi da hannu. Daga nan akwai zaɓi. Mafi sauƙi shi ne kakin goge mota ko maganin sheƙi mai kariya daga UV, sai dai shi ne mafi ƙarancin ƙarko, domin sai an riƙa sabunta shi bayan 'yan watanni. Wanda ya fi dacewa da mai aiki a gida shi ne rufin ruwa da ake shafawa da ɗan ƙyalle ko a fesa, wanda aka yi domin fitilu, kuma yakan kai shekara ko fiye. Ana shafa shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, layi kan layi, a zuwa ɗaya, kuma duk yadda aka ga wani wuri kamar bai daidaita ba, kada a koma a taɓa shi yana danye, domin da kansa yake bajewa, komawa kansa kuwa ita ce take barin zane. Wasu ire-iren wannan rufi suna so a shafa su kai tsaye bayan sanfefa ba tare da man guga ba, domin su ne suke cike karcen su fito da haske, don haka umarnin da ke jikin kwalin shi ne abin bi.

Mafi ƙarko shi ne fenti marar launi mai haɗi biyu, wato fenti da sinadarin da ke sa shi tauri, irin wanda ake fesa wa jikin mota, wanda ake rubuta wa 2K. Shi wannan yana buƙatar fuska mai ɗan kaushi da zai riƙe, shi ya sa masu amfani da shi suke tsayawa a sanfefa 800 ko 1000, ba sa goga mai ko kaɗan, sai su fesa shi siriri sau biyu ko uku da tazarar 'yan mintoci. Amma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu, wanda takunkumin ƙyalle ba ya tarewa. Wanda ba shi da takunkumin masu fenti mai matatar sinadari, da safar hannu, da fili mai iska, ya bar wannan ga masu sana'ar fenti, kuma ban ga wani abin kunya a cikin hakan ba. Akwai kuma siririyar leda marar launi da ake mannawa domin kare fentin mota, wadda take kare fitila daga rana da tsakuwa a lokaci guda, kuma ana iya ɓare ta a sauya idan ta tsufa. Fenti marar launi na gama-gari da ba a yi shi don jure rana ba kuwa, shi kansa yakan yi rawaya ko ya tsattsage, ya mayar da aiki baya.

Kowanne aka zaɓa, a cire salatif a hankali, a nisantar da motar daga ruwa da raɓa da ƙura na aƙalla awa 24, ko iya lokacin da kwalin ya faɗa, kada kuma a wanke ta da sabulu sai bayan 'yan kwanaki.

Dabarun da ake yayatawa

Man goge baki yana aiki kaɗan, domin akwai ɗan gari mai kaushi a cikinsa, kuma zai iya rage hazo marar yawa, amma ba ya cire mataccen rufi kuma ba ya barin kariya. Man fesawa na kwance ƙarafa da sauran mayuka cike kaushin kawai suke yi, fitilar ta yi kyau na 'yan kwanaki har ruwa ya wanke su. Waɗanda suke da haɗari na gaske su ne maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, da asiton da ake cire jan farce da shi, da tina da ake sirka fenti da ita, da fetur. Sheƙin da suke kawowa na narkewar fuskar robar ne, kuma sukan bar ta tana danƙo ko ta tsattsage daga baya, idan kuma suka zuba a kan fenti ko robar bamba su ɓata su. Haka nan ruwan goge gilashi mai amoniya bai dace da folikabonet ba. Akwai kuma wata 'yar buta da ake dafa sinadari a ciki a turara fitila da tururinsa: tana fitar da sheƙi nan take, amma ita ma sai an yi gugar sanfefa kafin ta, tururin yana da illa ga mai shaƙarsa, kuma ba ta ɗauke buƙatar kariya daga rana.

Gwajin dare da kulawa

Idan rufin ya bushe, a jira dare a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri tana fuskantar bango daga nisan kimanin mita bakwai da rabi, a kunna fitilar gajeren zango. Ya kamata a ga iyakar hasken a fili, layi mai kaifi tsakanin haske da duhu, fitilun biyu a tsayi ɗaya, kuma layin ya sauka ƙasa kaɗan da tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa. Fitilar da saitinta ya karkace sama, yanzu da ta washe, za ta ƙara dallare masu tahowa, don haka a gyara saitin da sukurorin da ke bayanta bisa bayanin littafin motar. Idan har yanzu hasken bai gamsar ba, a duba ƙwan, domin shi ma yana raguwa da tsufa. A sauya biyun tare domin haskensu ya zo ɗaya, kada a taɓa gilashin ƙwan halojin, wato ƙwai mai zare a ciki, da yatsa saboda maiƙon fata yana rage masa kwana, kuma kada a sa wanda ya fi ƙarfin da aka ƙayyade wa motar, domin zafinsa yana ƙona murfin da kwanon daga ciki, inda sanfefa ba ta kaiwa.

Daga nan kulawar ba ta da wuya. A riƙa ajiye motar a inuwa, ko a juya gabanta ta ba rana baya idan za ta daɗe a tsaye. A wanke fitilun da ruwa da sabulun mota, kada a share ƙura a bushe, domin haka ne ƙananan karce suke taruwa. Duk bayan wata uku ko huɗu a shafa musu kakin mota mai kariya daga UV a kan rufin, kuma da zarar an ga saman murfin ya fara dishi-dishi, a goge shi da man guga ko sanfefa 3000 a sabunta rufin tun hazon bai kai ga robar ba.